Mahaɗar bim da ginshiƙi a firam ɗin ƙarfe na yankin girgizar ƙasa: me ya sa ake yanke fiffiken bim?

Ɗalibin_Zane ya rubuta:

Assalamu alaikum, manyanmu. Ina neman a haska min wani abu. Zane ne na bene mai hawa 6 a wurin da girgizar ƙasa ke da ƙarfi, firam ɗin ƙarfe irin wanda mahaɗarsa ke ɗaukar lanƙwasa, ajin SMF (wanda aka fi tsananta wa sharuɗɗan jure girgiza), ana bin ƙa'idojin ginin ƙarfe na Amurka, AISC 341 da AISC 358 na 2016. Bim, wato ƙarfen da ke kwance tsakanin ginshiƙai, W610×113 ne, ginshiƙi W360×262 (lamba ta farko kimanin zurfi ne a mm, ta biyu nauyi ne a kilo kowace mita), duka ƙarfen A992. Tazarar ginshiƙai mita 9 daga tsakiya zuwa tsakiya, tsayin kowane hawa mita 4.

Bim ɗin mai siffar I ne: faranti biyu da ke kwance sama da ƙasa su ne fiffike, farantin tsakiya kuma a tsaye yake yana haɗa su. A zanen farko an yi wa fiffiken sama da na ƙasa walda mai ratsa duk kauri zuwa jikin ginshiƙi, farantin tsakiyar bim kuma an ɗaure shi da ƙusoshi masu noti. Mai duba zane ya ƙi amincewa, ya ce a koma RBS, wato a yanke gefen fiffike kusa da ginshiƙi. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, wurin da lanƙwasa ta fi yawa, can ne kuma za a rage ƙarfe? Me zai hana a ƙara faranti sama da ƙasa a ƙarfafa wurin? In kuma yankan ya zama dole, yaya ake fitar da girmansa, kuma me zan duba a jikin ginshiƙin?

Inj_Dattijo ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Mai duba zanenka yana da gaskiya, kuma dalilinsa na da tarihi.

Mahaɗar da ka zana ita ce aka fi amfani da ita a Kalifoniya kafin 1994. An gina ta kan gwaje-gwajen da Egor Popov ya jagoranta a jami'ar Berkeley a farkon shekarun 1970, da bima-bimai masu matsakaicin girma, W18 da W24 (zurfin kimanin inci 18 da 24). Daga baya sai aka riƙa rage yawan firam a gini ana ƙara girman bim, har W36, da mahaɗa iri ɗaya, ba tare da an gwada ta a wannan girman yadda ya kamata ba. Ranar 17 ga Janairu 1994 girgizar Northridge, mai ƙarfin 6.7, ta tona asirin. Gine-ginen ba su rushe ba, wasu ma daga waje ba ka ganin komai, amma da aka ɓamɓare rufi da abin kare gobara sai aka tarar da walda ta tsage. Ba miƙuwa ta yi ta gaji ba, tsinkewa ta yi irin ta gautsi, wasu tun bim bai kai ga fara miƙuwa ba. A wasu wuraren tsagar ta ɓantaro tsoka daga fiffiken ginshiƙi, a wasu ta ratsa shi ta shiga farantin tsakiyarsa. Shekara guda cif bayan haka, 17 ga Janairu 1995, girgizar Kobe a Japan ta nuna makamancin wannan. Binciken da hukumar agajin gaggawa ta Amurka, FEMA, ta ɗauki nauyi shi ya haifi kundin shawarwari na FEMA 350 a 2000, daga nan AISC 358 ya fito a 2005.

Yawancin tsagar daga fiffiken ƙasa ta faro, kuma abubuwa ne suka taru. Wayar waldar da aka fi amfani da ita, E70T-4, tana cika rami da sauri amma juriyar tsagewarta kaɗan ce ƙwarai. Ɗan ƙarfen da ake sa wa a ƙarƙashin rami ya tare narkakkiyar walda, matashin walda ke nan, ana barinsa a wurin, kuma tsakaninsa da ginshiƙi akwai siririn layi da bai narke ba. Wannan layin tsaga ce da aka riga aka shuka, a daidai inda ja ya fi tsanani. Sannan mai walda yana zaune a saman bim yana miƙa hannu ƙasa, farantin tsakiya ya raba masa hanya biyu, dole ya tsaya a tsakiya ya koma ɗaya gefen. A nan datti da rashin narkewa ke taruwa, a nan kuma na'urar gwajin sauti, mai neman aibi a cikin walda, ta fi kasa gani. Dakin na kankare da ke saman bim yana ƙara wa fiffiken sama ƙarfi, sai miƙuwar ta koma kan na ƙasa. Ƙusoshin farantin tsakiya kuwa suna ɗan zamewa, don haka fiffike ke ɗaukar kusan duk lanƙwasar har da wani kaso na ƙarfin yanka. Ga kuma ƙarfen bim ɗin kansa: ana lissafi da A36 a MPa 250, alhali abin da ake kawowa ya fi haka nesa, wato bim ya fi waldar da ke riƙe da shi taurin kai.

To, a girgiza mai ƙarfi ba a zana firam don ya tsaya ƙyam. A ASCE 7, ƙa'idar Amurka ta nauyin da ake zana gini ya ɗauka, ana raba ƙarfin girgizar da ma'aunin R, kuma R na SMF 8 ne. Ma'anarsa ka amince wani wuri zai miƙu, ya dawo, ya sake miƙuwa sau da yawa. Aikinka shi ne ka zaɓi wurin da kanka. Fuskar ginshiƙi ita ce mafi munin wuri, domin ƙarfen da ke nan a matse yake ta ko'ina, ba shi da sararin tsukewa yayin da ake jan sa, kuma walda ce a wurin. Yanke fiffike yana mayar da gaɓar miƙuwa cikin tsantsar ƙarfen bim, nesa da walda. Kamar fiyus ne a layin lantarki, shi ke ƙayyade iyakar abin da zai isa ga walda da ginshiƙi.

Ƙara faranti sama da ƙasa shi ma yana ture gaɓar daga ginshiƙi, an kuma yi amfani da shi bayan 1994. Illarsa ita ce waldar da ke fuskar ginshiƙi tana ƙara kauri, lanƙwasar da ke shiga ginshiƙi tana ƙaruwa, ga shi ba ya cikin mahaɗun da AISC 358 ya tantance. In ka nace a kansa, sai ka kawo shaidar gwaji bisa sashen K2 na AISC 341: samfuri aƙalla biyu, a kai da komo ana ƙara karkata daga radiyan 0.00375 har 0.04, kuma a 0.04 ɗin lanƙwasar da ke fuskar ginshiƙi kada ta gaza kashi 80 cikin 100 na Mp, wato lanƙwasar da ke miƙar da duk jikin bim. Don bene mai hawa 6 wannan wahala ce marar dalili.

Hajiya_Lissafi ta rubuta:

Bari in bi lissafin da alƙalumanka, ka ga inda yake matsewa.

Bim W610×113: zurfi d = mm 608, faɗin fiffike bf = mm 228, kaurinsa tf = mm 17.3, Zx (ma'aunin ƙarfin siffarsa wajen lanƙwasa) kimanin 3280×10³ mm³. A992 yana da Fy (inda yake fara miƙuwa) = MPa 345, Fu (iyakar jan da yake ɗauka) = MPa 450, Ry (yadda ainihin ƙarfen ke fin na takarda) = 1.1.

Da farko ka tabbatar bim ɗin ya cancanta. bf/2tf = 6.6, iyakar bugun 2016 kuwa 0.32√(E/RyFy) ce (E ma'aunin taurin ƙarfe ne), kimanin 7.3, ya tsallake. Tazarar fili a kan zurfi kusan 14 ce, ana son aƙalla 7 a SMF. Bugun 2016 ya tsayar da RBS a kan W920 da kaurin fiffike mm 44, kai kana can ƙasa da haka.

Yankan yana da ma'auni uku. a shi ne nisa daga fuskar ginshiƙi zuwa farkon yanka, tsakanin 0.5bf da 0.75bf, wato mm 114 zuwa 171. b tsawon yankan ne, tsakanin 0.65d da 0.85d, wato mm 395 zuwa 517. c zurfinsa ne a kowane gefe, tsakanin 0.1bf da 0.25bf, wato mm 23 zuwa 57. Mu ɗauki a = 140, b = 460, c = 50. Yankan baka ne na da'ira, R = (4c² + b²)/8c = mm 554. Kada a yarda da yanka mai kusurwa ko miƙaƙƙe, a kusurwar tsaga ke farawa.

Z a tsakiyar yanka = Zx − 2·c·tf·(d − tf) = 3280×10³ − 1022×10³ = 2258×10³ mm³.

Daga nan ake barin ƙarfin da kwamfuta ta bayar a koma kan abin da bim zai iya haifarwa da gaske. Cpr = (Fy + Fu)/2Fy = 1.15, ba ya wuce 1.2. Lanƙwasa mafi girma da ake tsammani a gaɓar miƙuwa, Mpr = Cpr·Ry·Fy·Z = kN·m 985. Gaɓar tana Sh = a + b/2 = mm 370 daga fuskar ginshiƙi. Zurfin ginshiƙinka mm 387 ne, don haka tazara tsakanin gaɓoɓi biyu, Lh, ita ce 9000 − 387 − 740 = mm 7873. Ƙarfin yanka daga girgiza 2Mpr/Lh = kN 250. Ba ka ba da nauyin dakin ba, sai na ƙaddara kN 25 a kowace mita bayan an ninka da ma'aunan haɗin nauyi, ya ba da kN 98. A wani kan bim ana tarawa, kN 348, a ɗaya kan ana ragewa, kN 152.

Lanƙwasa a fuskar ginshiƙi: Mf = 985 + 348×0.37 = kN·m 1114. Ana gwada ta da Mpe = Ry·Fy·Zx = kN·m 1245. Rabon 0.89 ne, ya yi. Wannan rabon shi ne dalilin yankan gaba ɗaya. In ya haura 1.0 ka ƙara c ko ka rage a da b. Ni na fi son in gan shi tsakanin 0.85 da 0.95. Wanda ya yi yanka ɗan kaɗan don tsoron rage ƙarfe ya biya kuɗin yanka ne kawai, walda tana nan a cikin haɗarinta.

Yanzu ginshiƙi. W360×262: faɗin fiffike mm 398, kaurinsa 33.3, kaurin farantin tsakiya 21.1, Zx kimanin 5240×10³ mm³, yanki mm² 33,400.

Ginshiƙi ya fi bim ƙarfi? A mahaɗar ciki mai bim biyu, ana kai lanƙwasar zuwa tsakiyar ginshiƙi: 2×985 + (348 + 152)×(0.37 + 0.194) = kN·m 2252. In nauyin da ke danne ginshiƙin kN 2000 ne, tare da ƙarin Ω0 (ma'aunin rarar ƙarfin firam), to P/A = MPa 60, ginshiƙin sama da na ƙasa suna ba da 2×5240×10³×(345 − 60) = kN·m 2987. Rabon 1.33, ya fi 1.0. Wannan binciken ne ke hana gaɓoɓi su taru a ginshiƙan hawa ɗaya benen ya durƙusa a nan.

Filin mahaɗa, wato yankin farantin tsakiyar ginshiƙi da ke tsakanin fiffiken bim na sama da na ƙasa, a nan ka faɗi. Mf na ɗaya bim ɗin 985 + 152×0.37 = 1041 ne, don haka jimlar Mf ita ce 1114 + 1041 = 2155. Raba da d − tf = mm 590.7, ya ba da kN 3648. Cire ƙarfin yanka na ginshiƙi, kimanin 2252/4 = kN 563, saura kN 3085. Abin da filin zai iya (dc, tw, bcf da tcf su ne zurfin ginshiƙi, kaurin farantin tsakiyarsa, faɗi da kaurin fiffikensa, db kuma zurfin bim): 0.6·Fy·dc·tw·[1 + 3·bcf·tcf²/(db·dc·tw)] = 1690×1.267 = kN 2141. Giɓin kN 944 ne. Raba da 0.6×345×387, ka samu mm 11.8, sai a sa farantin ninki na mm 13. A lura, wannan tsarin lissafin mai ƙarin gudummawar fiffike ana amfani da shi ne idan ka sa motsin filin mahaɗa a cikin samfurinka na kwamfuta, in ba haka ba kN 1690 kawai gare ka. Kowane faranti kuma, na asali da na ninki, kaurinsa kada ya gaza (dz + wz)/90, wato tsayin filin da faɗinsa a raba da 90, a nan mm 9.9, don kada ya lotsa.

Faranti masu tokare fiffiken ginshiƙi daga ciki, daidai saitin fiffiken bim: ana buƙatarsu idan kaurin fiffiken ginshiƙi bai kai bf/6 ba. 228/6 = 38, naka 33.3 ne. Dole ka sa. A mahaɗa mai bim biyu bugun 2016 yana son kaurinsu ya kai kashi 75 cikin 100 na fiffiken bim, wato mm 13. Bugun 2010 cikakken kauri yake nema, ka duba wanda aka ɗaure ka da shi.

Abu biyu da ake yawan mantawa. Yankan yana rage taurin firam, don haka karkatar bene tana ƙaruwa. An yarda ka ninka ta da 1.1 idan ka yanke rabin faɗin fiffike, kai ka yanke 100 cikin 228, kimanin kashi 44, wato wajen 1.09. Tunda a irin wannan firam karkata ce ke zaɓar girman ƙarfe ba ƙarfi ba, ka duba wannan tun da wuri. Na biyu, tokare bim daga gefe don kada ya murɗe: tazara ba ta wuce 0.095·ry·E/(Ry·Fy), da ry (ma'aunin taurin siffar bim ta gefe) = mm 48.8 ya zo mita 2.4, kuma fiffiken ƙasa ma ana tokare shi, domin idan girgiza ta juya shi ke shiga matsi.

Ɗalibin_Zane ya rubuta:

Allah ya saka da alheri, Hajiya, na bi lissafin ya fito daidai. Amma ke nan kowace mahaɗar ciki za ta sha farantin ninki da faranti huɗu na tokare. Babu wata hanya? Kuma na ga wasu suna cewa a bar filin mahaɗa ya miƙu, ai shi ma yana shan ƙarfin girgiza.

Inj_Dattijo ya rubuta:

Akwai hanya, ita ce ka ƙara ginshiƙi. Gwada W360×382: zurfi mm 416, faɗin fiffike 406, kaurinsa 48, farantin tsakiya 29.8. Filin mahaɗa zai ba ka kimanin kN 3520, ya wuce abin da ake nema babu ninki. Kaurin fiffike 48 ya fi 38, kuma idan ka bi sashen J10 na AISC 360 za ka ga lanƙwasar fiffike da miƙuwar farantin tsakiya suna da sarari, don haka faranti masu tokare ma sun tafi. W360×314 da ke tsakaninsu yana kawar da tokare amma ba ya kawar da ninki, ƙarfin filinsa wajen kN 2700 ne.

Farashin shi ne kilo 120 a kowace mita, kilo 480 a hawa ɗaya na ginshiƙi ɗaya. A ɗaya ɓangaren kana da yanka faranti biyar, gyara bakinsu, walda mai ratsa kauri zuwa fiffike, gwajin sauti, da gyara idan gwajin ya kama aibi. Sau da yawa ƙarin ƙarfe ya fi sauƙi, kuma yana rage maka karkata a kyauta. Amma ka tambayi masana'antar da za ta yi aikin kafin ka yanke hukunci. Ka kuma sani cewa fiffike mai kauri mm 38 ko fiye yana jawo sharaɗin gwajin Charpy, mai auna juriyar tsagewa, a kan ƙarfen kansa, jul 27 a digiri 21, kuma yana buƙatar a ƙara ɗumama shi kafin walda.

Akwai wani dalilin da ya sa nake ƙin walda a cikin ginshiƙi idan da hali. Wurin da farantin tsakiya ke haɗuwa da fiffike, wanda ake kira yankin k, yakan rasa juriyar tsagewa saboda yadda ake miƙar da ƙarfen da nadi a masana'anta yana sanyi. An sha samun tsaga a nan tun a shago, bayan waldar faranti. Shi ya sa ake datse kusurwar faranti mai tokare, datsin ya wuce ma'aunin k da aƙalla mm 38 ta gefen farantin tsakiya, don walda ta kauce wa wurin.

Batun barin filin mahaɗa ya miƙu kuwa, gaskiya ne miƙuwarsa tana da natsuwa, ba ya saurin gajiya. Kaɗan daga ciki alheri ne, yana rage wa bim nauyi. Amma idan ya yi yawa fiffiken ginshiƙi yana karyewa kamar gwiwa daidai inda waldar bim take, sai miƙuwa mai tsanani ta taru a saiwar waldar, wato ka dawo da matsalar da ka gudu. Lissafin da Hajiya ta yi ya riga ya bar masa ɗan sararin miƙuwa, kada ka ƙara masa.

Mai_Duba_Walda ya rubuta:

Ranku ya daɗe, lissafi ya yi kyau, amma abin da ke rubuce a zanen shago da abin da hannun mai walda ya yi su ne za su fuskanci girgizar. Ga abin da ya kamata ya fito ɓaro-ɓaro a zanenka, Malam.

Waldar fiffike zuwa ginshiƙi tana cikin waɗanda ake kira masu matuƙar muhimmanci, ƙa'idar walda ta AWS D1.8 ke mulkinsu. Wayar walda sai ta ba da jul 27 a digiri 18 ƙasa da sifiri, sannan jul 54 a digiri 21 a gwajin da ake yi da zafi mai yawa da kuma kaɗan. Ka nemi takardar shaidar wayar, kada ka tsaya ga sunan da ke jikin kwali. Zafi tsakanin shafe da shafe kada ya haura digiri 288, domin walda mai zafi da yawa tana sanyi a hankali ta rasa juriya. Mai gaggawa yakan so ya yi shafe mai faɗi ya cika rami da wuri, a hana shi.

A fiffiken ƙasa ana cire matashin walda bayan an gama, a ƙwaƙule saiwar har a kai ƙarfe mai tsabta, a sake cikewa daga ƙasa, a ɗora waldar kusurwa ta mm 8. A fiffiken sama an yarda a bar matashin, amma a yi masa waldar kusurwa ta mm 8 zuwa jikin ginshiƙi a ƙarƙashinsa, kuma kada a manna shi da fiffiken bim. Bambancin ya zo ne daga inda saiwar take: a sama tana ta cikin bim inda ja bai kai ƙarshe ba, a ƙasa tana can bakin waje. 'Yan kunnuwan da ake sa wa a gefe don farawa da ƙarewa ana yanke su a gurje wurin, saboda a kansu ƙazantar farawa take.

Tsarin waldar fiffiken ƙasa ma a rubuce yake. Ba a tsayawa daidai ƙarƙashin farantin tsakiya. Ana zura waya ta cikin tagar da aka yanka a farantin tsakiya a wuce tsakiya, a tsaya, a koma ɗaya gefen a tsabtace a ƙarasa. Kowane shafe sai ya cika faɗin fiffike kafin a fara na gaba, kuma wurin tsayawar na gaba yana komawa ɗaya gefen. Tagar kanta a yanke ta da santsi, babu tsini. A SMF farantin tsakiyar bim na RBS walda ake masa zuwa ginshiƙi, mai ratsa duk kauri, daga taga zuwa taga. Farantin ɗaurin da aka yi amfani da shi wajen ɗora bim zai iya zama matashinta idan kaurinsa ya kai mm 10. Ɗauri da ƙusoshi kaɗai a IMF, ajin da ke ƙasa da SMF, aka yarda da shi.

Yankan RBS ana yinsa da wuta, amma da na'ura mai bin tsari, ba hannu sake ba. Kaushin fuskar kada ya wuce maikiron 13, kuskuren layin yanka kada ya wuce mm 6. Idan ka shafa yatsa a bakin ka ji tsagi-tsagi, a gurje da giranda, kuma gurzar ta bi tsawon bim, ba ta gicciye ba, domin layin giranda da ya gicciye fiffike shi ma mafarin tsaga ne.

Daga fuskar ginshiƙi zuwa ƙarshen yanka, mm 600 a naka, yanki ne mai kariya. Ba a walda ƙusar dakin a kan fiffike a nan, ba a huda, ba a rataya bututu ko hanyar waya. Wannan shi ne abin da ya fi lalacewa a wurin aiki, kuma ba masu ƙarfe ke lalata shi ba, masu famfo da lantarki da masu rufi ne da ke zuwa daga baya su ga fili su manna abinsu. A shafa masa fenti mai launi daban, a nuna shi a zanen kowane sashe. Ƙarin tokarin gefe da ake sa wa kusa da yanka shi ma a wajen yankin yake zama, bai wuce d/2 daga ƙarshen yanka ba. Ana iya barinsa idan akwai dakin na kankare da ƙusoshinsa ba su wuce tazarar mm 300 ba a tsakanin yankunan kariya biyu.

Dubawa: gwajin sauti a kan duk walda mai ratsa kauri ta mm 8 ko fiye, gwajin garin maganaɗisu a kan kashi 25 cikin 100 na waldar bim da ginshiƙi, da kuma inda aka yanke 'yan kunnuwan. In an yi walda a yankin k, a jira awa 48 kafin a gwada, saboda tsagar da iskar haidurojin ke jawowa ba ta fitowa nan take. Idan kun koma W360×382, fiffike mai kauri fiye da mm 38 da ake ja ta kaurinsa ana duba bayan waldar don yagewar cikin ƙarfe, matuƙar abin da aka manna masa ya wuce mm 19. Fiffiken bim ɗinka 17.3 ne, sharaɗin bai kama ka ba, amma in bim ya ƙaru zai kama.

Inj_Turai ya rubuta:

Ƙari kaɗan ga wanda ke aiki da Eurocode 8, ƙa'idar Turai ta girgizar ƙasa. Tunanin ɗaya ne, alƙaluman ne suka bambanta. Ginshiƙai su fi bima-bimai da ninki 1.3. Mahaɗar da ba a son ta miƙu ana zana ta da 1.1·γov a kan ƙarfin bim, γov kuwa, ma'aunin rarar ƙarfin ƙarfe, 1.25 aka ba da shawara. Juyawar gaɓa ta kai miliradiyan 35 a ajin DCH mai yawan miƙuwa, 25 a DCM mai matsakaiciyar miƙuwa, kuma filin mahaɗa kada ya ba da fiye da kashi 30 cikin 100 na wannan juyawar. Kada dai a gauraya, a ɗauki R daga ASCE 7 a zana mahaɗa da ma'aunan Turai.

Sannan, Malam Ɗalibi, duk abin da Mai_Duba_Walda ya lissafa ana yinsa ne a sama, cikin iska, wani ma mai walda yana kallon sama. Idan ba ka da tabbacin samun ƙwararrun masu walda da masu dubawa a wurin aiki, ka duba mahaɗar faranti na kan bim mai zarcewa, wadda AISC 358 ya tantance iri uku: 4E, 4ES da 8ES. Waldar duka a shago ake yi, bim a kwance, a wurin aiki ɗaure noti kawai ya rage. A wannan ba a yanka taga a farantin tsakiya, gwaji ya nuna fiffike na tsagewa a wajen tagar. Kaurin farantin ana fitar da shi ta yadda ba zai lanƙwashe ya ƙara wa ƙusoshi ja ba, ƙusoshin kuma A325 ko A490 ne, a ɗaure su har cikakken ja. A SMF ana barin rata ta mm 25 tsakanin kankaren dakin da fuskar ginshiƙi, a cike da abu mai laushi.

Abin da za ka biya shi ne, ba a rage fiffike ba, don haka Mpr na bim ɗinka zai kai 1.15×1.1×345×3280×10³, kimanin kN·m 1431 maimakon 985. Filin mahaɗa da rabon ginshiƙi da bim duk sai ka sake su, kuma W360×262 ba zai tsallake ba: 2×1431 kaɗai 2862 ne, kafin a ƙara rabon ƙarfin yanka, ginshiƙin kuwa 2987 gare shi. Tsawon bim da miƙewar ginshiƙi ma sai sun zo daidai, domin bim ɗin yana shiga ne tsakanin fuska biyu, don haka a kan yanke shi ya gaza da 'yan milimita a cike ratar da siraran faranti masu yatsu.